Mai Manhajar Sadaka da Direban Wani

Tunda ka ce kai ma kana shirin sakar wa jama'a abin da ka ƙera, zauna ka ji misalin wani mutum.

Mutumin nan marubucin manhajar kwamfuta ne, ba mai dukiya ba, ba kuma mai neman suna ba. Shekara huɗu ya yi yana haɗa wata manhaja ta naɗar murya, yana leƙa ta a ranakun hutunsa kamar yadda manomi ke kewaya gonar bayan gida. Da ta kammala sai ya sake ta sadaka. A takardar izinin da ya liƙa mata ya rubuta cewa duk abin da ke cikin wannan ƙunshi naka ne: ka yi aiki da shi, ka buɗe cikinsa ka gyara, ka kwafa ka ba wanda ka ga dama. Sai dai manhajar tana da rauni guda. A kan yawancin kwamfutoci ba ta jin magana sai an haɗa ta da wani ɗan guntun abu da ake kira direban sauti, wanda shi ne ke kai murya cikin na'ura. Direban kuwa ba nasa ba ne, na wani kamfani ne a wata ƙasa mai nisa. Kamfanin bai sa masa farashi ba, amma can ƙasan shafinsu, da ƙananan baƙaƙe, sun gindaya sharaɗi: kowa ya zo da ƙafarsa ya ɗauki nasa, kada wani ya ɗiba ya raba wa wasu. Mutumin ya ga rubutun nan, ba a ce bai gani ba. Amma kowace safiya saƙonni na jiransa daga mutanen ƙauye marasa intanet, suna cewa sun sa manhajar, sun yi magana har maƙogwaro ya bushe, ba ta kama ko tari ba. Abin ya tsaya masa a rai. A gidan da ya tashi, ba a miƙa wa baƙo fura a ce masa ya shiga maƙwabta ya nemo ludayi. Ya ce a ransa, abin da aka riga aka bar wa kowa, wa zai yi fushi don an rage wa talaka tafiya? Sai ya cusa direban cikin ƙunshin, ya ɗaure baki, bai kuma sauya ko kalma ɗaya a takardar izinin ba.

Cikin waɗanda suka karɓi kyautar akwai wata malama mai kula da makarantar makafi. Ita ce ke karanta littattafai da bakinta tana naɗa, ɗalibanta su yi ta saurare har su haddace. Mace ce mai tsantseni. Sai da ta karanta takardar izinin sau biyu kafin ta kwafi ƙunshin, ta sa sunan makarantarta a kai, ta aika wa wasu makarantu goma sha ɗaya irin tata. Saboda haka ranar da wasiƙar lauyoyin kamfanin ta taso, ba ƙofar mai manhajar ta fara ƙwanƙwasa ba, ƙofarta ta nufa. Ƙungiyar da ta ba makarantun kwamfutoci ta tsorata, ta ba da umarni a goge ƙunshin daga kowace na'ura, ta kuma dakatar da malamar har a gama bincike. Saura mako uku jarrabawa, littafin ƙarshe kuma rabinsa kawai aka naɗa. Malamar ta kira mai manhajar a waya, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, ba kai ka rubuta cewa duk abin da ke ciki namu ne ba?” Ya ce, “Ni ne, Malama.” Ta ce, “To, ni da na yarda da rubutunka, laifina a wane layi yake?”

Bai ɓuya ba, wannan kam a faɗa masa. Ya rubuta wa kamfanin da ƙungiyar cewa shi ya ɗaure ƙunshin, malamar ba ta san me ke ciki ba. Ya kwance shi, ya zare abin da ba nasa ba, ya rubuta a fili inda kowa zai je ya ɗauko direban da kansa. Daga nan ya hau babur, ya bi makarantun ɗaya bayan ɗaya cikin damina, yana ɗauko shugabanninsu da kwamfutocinsu zuwa gari inda akwai intanet, don kowanne ya amince da sharaɗin kamfanin da yatsansa. Makarantu bakwai ya iya kaiwa kafin jarrabawa. Ɗaliban sauran biyar sun shiga ɗakin jarrabawa da rabin littafi a kai.

An mai da malamar bakin aikinta bayan wata biyu, kuma ba ta riƙe shi a zuci ba, don ta san tausayi ne ya ja shi, ba cuta ba. Amma daga ranar, duk lokacin da ya aiko da sabon gyara, ba ta ƙara dogara da takardarsa ba. Sai ta kira shi, ta sa ya lissafa mata abin da ke cikin ƙunshin ɗaya bayan ɗaya, a kan kowanne tana tambaya, “Wannan fa, naka ne?” Shi kuma yakan amsa a hankali, kansa a sunkuye, ko da yake ba ta ganinsa.

Don haka kafin ka ce wa mutane ga shi na ba ku, ka duba ko duka naka ne. Hausawa sun riga sun faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.