Damben Rikoda

Abdulgani bai ko gama kafe mashin ɗinsa ba ya fara dariya. A kan teburin shagon gyaran rediyo na taubashinsa Mamman wata tsohuwar rikoda ce zaune, ba murfin kaset, ba lasifika, an ɗaure cikinta da roba, wata waya ta fito daga gindinta ta zagaya bayan talabijin. Wai da wannan Mamman zai kara da shi.

Rigimar ta faro ne tun ranar da Sambo direban tirela, kawun ɗaya baffan ɗaya, ya dawo daga Legas da gem, akwatin wasan nan da ake jona wa talabijin, ya ce na su biyun ne. Bawan Allah bai tuna cewa ɗaya na Kalgo ɗaya na Gwandu ba. Aka yi ta kai gem da kawowa a bayan mashin, kowa na cewa ɗan'uwansa ya cika riƙo, har suka gaji suka yanke shawara: a buga wasan dambe na cikin gem ɗin gaban shaidu, wanda ya yi kaye ya riƙe shi har abada.

Abdulgani ya san nasa ne. Duk Kalgo ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa, Mamman kuwa yatsunsa dalma da sukuddireba kawai suka sani. Ga shi kuma cikin madannai biyun da ake riƙewa a yi wasan, ɗaya wai ɓera ya cinye wayarsa, shi ne Mamman ya ƙera madadinsa da rikoda. Maɓallin tura kaset gaba shi ne matsawa, na mayarwa shi ne ja da baya, jan nan na ɗaukar magana kuma naushi.

"Bawana, in ka kada ni da wagga aba, da ƙahwa zan koma Kalgo," in ji Abdulgani.

Ya ɗaga murya ya ce wa ƙanwarsa Delu, matar Mamman, ta kawo masa ruwa. Labulen ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida ya ɗan motsa, amma ruwa bai zo ba. Ya raya a ransa cewa zaman Gwandu ya ɓata yarinyar nan.

Ana idar da la'asar maƙwabta suka cika benci, aka kunna. Mamman ya hau rikoda da duka ƙwas-ƙwas kamar mai fasa gyaɗa, rabin hankalinsa ma yana wajen 'yan kallo. Amma ɗan dambensa na cikin talabijin sai ka ce aljani: ya goce, ya duƙa, ya kawo naushi ta inda ba a zata ba. Kafin Abdulgani ya gyara zama, nasa yana kwance.

Abdulgani ya miƙe tsaye. Ya ce bai yarda ba, akwai abin da aka dasa cikin rikodar, sai an yi musanya an sake. Mamman ya ɗan yi mirsisi, ya ce ita fa ba kowane hannu take so ba, sannan ya tura masa ita ya karɓi madannin.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Abdulgani ya danna gaba, ɗan dambensa ya ja baya. Ya danna naushi, ya hau tsalle shi kaɗai a lungu. Mamman ya lallaɓo da nasa a hankali, yana duban maɓallai ɗaya-ɗaya, ya narka wa ɗan damben Abdulgani naushi har ya faɗi. Benci ya kaure da shewa, wani dattijo yana rantsuwa cewa rikodar ta san maigidanta.

Abin ya yi wa Abdulgani ciwo ƙwarai. Gem ya tafi, ga abokansa a Kalgo da ya ce su share wuri su jira shi kafin magariba, ga kuma bakin taubashi da zai bi shi har tsufa. Aka yafe masa tafiyar ƙafa, ya tashi ya ɗaga labule don ya yi wa Delu sallama, ya kuma sauke mata faɗan ruwansa.

Daf da ƙofar ya same ta kan 'yar kujera, daidai inda ake hango talabijin ta gefen labule, faifan shinkafa a gefe ko tsinta ba a fara ba. Ta zabura za ta durƙusa.

"Sannu Yaya, yanzu nika shirin kawo ruwan."

Sai ga madannin da aka ce ɓera ya cinye wayarsa ya sulluɓo daga cikin gyalenta ya faɗi gaban ƙafarsa, an ƙara masa doguwar waya da ta bi ta ƙarƙashin tabarma zuwa bayan talabijin, maɓallansa duk sun goge irin na abin da ake dannawa kullum.