Mashin da Na Yi da Laima

Ina ɗan shekara goma sha uku aka kulle gari saboda korona, muna zaune a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Danau Kota. Baba yana karatun tarihi, ya rasa masu saurarensa sai mu. Wata la'asar ya ba mu labarin yadda mayaƙan Zulu suka yi wa sojojin Ingila ƙawanya da gajerun masu, suka farke cikin duk wanda ya faɗi.

Yana shiga ɗaki na sa wa ƙanena Sadik jar riga, na ce shi ne Bature. Na ɗauki laima, na yi kururuwa, na soke shi. Tsinin ya tsaga masa gira, jini ya rufe masa ido.

"Baba, ba na gani!"

Baba ya fito, ya danne wurin da tawul. Na tsaya jiran mari.

"Ban ƙarasa labarin ba," in ji shi. "A cikin mayaƙan Zulu, wanda ya zubar da jini ba ya cin abinci da kowa sai an tsarkake shi. Fita baranda."

Can na zauna har magariba, ƙarnin jinin yana yatsuna. Har yau in Sadik ya yi dariya tabon ya motsa, sai in kau da kai.