Ranar da Na Bugi Inna

Inna ta kwanta rub da ciki a tabarma, a tsakar gidanmu na Djougou, matashi biyu ƙarƙashin ƙugunta. Garkuwar jikinta ba ta da ƙarfi, ciwon ƙirji ya yi ta dawowa har ya lalata mata huhu. Likitan Parakou ya ce kullum a bubbuga mata baya don majinar ta fito. Baba ke yi, amma ranar ya tafi Pélébina sayen shanu.

Ta ce, "Zo, uwata. Lanƙwasa tafinki kamar za ki ɗebi ruwa, ki buga."

Na ɓoye hannuwana. A gidanmu ko murya ba a ɗaga wa uwa, balle hannu. Na ce, "Inna, Allah zai ƙona ni."

Ta so yin dariya, tari ya sarƙe ta. Sai na durƙusa ina bugu ina kuka, ƙasusuwan bayanta suna sukar tafina. Da ta tofar, ta ja numfashi, ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Yanzu Inna ta daɗe a ƙarƙashin ƙasa. Yau in ina bubbuga bayan jaririna don ya yi gyatsa, tafina da kansa yake lanƙwashewa, sai in tsinci kaina ina jiran wannan albarkar.