Mai Lambu da Kwikwiyon da Ya Ƙi Barci

Kana mamakin baƙon da ka sauke, ka ba shi ɗaki, ka ba shi abinci, amma har yau ya kasa sakin jiki? Gyara zama in ba ka misali.

Wani mai lambu ne a bakin fadama, birai suka addabe shi. Duk tumatirin da ya fara ja, kafin ya juya baya sun tsinke. Sai ya je wajen wani maharbi ya roƙi kwikwiyo, aka ba shi wani ja mai farar wutsiya, yaye shi ke nan. Ya kawo shi lambu, ya yi masa ɗan akurki da karan dawa can bayan bukkarsa, ya shimfiɗa sabon buhu, ya dama kunu da nono ya zuba a kasko. Da rana lafiya lau. Amma da zarar duhu ya shiga sai kwikwiyo ya kama kuka, ba ya tsayawa sai asuba. Kwana uku ana haka, ya rame, ko kunun ya daina lasa. Maƙwabtan lambu suka ce ya mayar da shi tun bai mutu a hannunsa ba. Shi kuwa mutum ne mai son sanin dalilin abu, irin wanda in ganye ya yi rawaya sai ya tone saiwa ya duba. Abin ya ɗaure masa kai. Ga ci, ga sha, ga rufi, to me ya rage? Sai ya fara lura. Ya ga ko da rana ɗan tahalikin ba ya kusantar buhun nan. Bin sa yake yi har bakin rijiya, ya ɗora haɓa a kan tsohon takalminsa, nan take barci ya kwashe shi.

Rana ta huɗu ya koma gidan maharbin, ya tsuguna yana kallon sauran 'ya'yan karyar. Ya tarar sun kwanta a cure wuri guda, kan wannan a cikin wancan, uwar na numfashi a gefensu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ransa, "Ashe tun da aka haife shi bai taɓa kwana shi kaɗai ba." Ya roƙi tsumman da suke kwana a kai, maharbi ya yi dariya ya ba shi. Da ya dawo sai ya jawo akurkin zuwa ƙofar bukka. Da la'asar ya bar kwikwiyo ya yi ta guje-guje tsakanin kunyoyi har ya gaji. Bayan magariba ya ɗauko dutse mai ɗumi daga murhu, ya naɗe shi a tsumman, ya ajiye masa, shi kuma ya zauna kusa yana tufka igiya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kwikwiyo ya shinshina tsumma, ya zagaya sau biyu, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya lafe jikin dutsen. Can cikin dare, bayan mai lambu ya shiga bukka ya kwanta, kwikwiyo ya farka ya ɗan yi ƙara. Mai lambu bai tashi ba, gyaran murya kawai ya yi daga cikin bukka, sai ya ji shiru. Daga nan kullum yana matsar da akurkin taku ɗaya, lokacin ci da na kwanciya ba sa canzawa, har wata rana akurki ya kai bakin shinge, kare na kwana shi kaɗai, kunne a tsaye, ƙirji a buɗe, ba mai tsallaka shingen nan bai ji muryarsa ba.

Ka ga abin da baƙo yake nema shi ne ya ji motsin mai gida kusa da shi, ya san an yi farin ciki da zuwansa. Shi ya sa Hausawa suka ce, shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.