Filin Tela a Bakin Tafki

Tun da suka sauka daga mota tela ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya yi gabas, ya dawo, ya hau tudu ya kare ido da hannu. Matarsa da surukinsa na tsaye da lema, suna jira ya nuna musu filin da ya saya.

Da rani ya zo, shi kaɗai. Dillali ya zagaya da shi wani shimfiɗaɗɗen wuri, baƙar ƙasa duk ta tsattsage, ba kututture, ba maƙwabcin da za a yi rigimar iyaka da shi. Tafki na can nesa yana ƙyalli. Har wani kwalekwale ya gani a kife, ya ce yara sun sami abin wasa. A makon ya sayar da keken ɗinkinsa na biyu, ya bi unguwa yana cika baki cewa shi da gidan haya sun yi hannun riga.

Yanzu damina ta kankama, ciyawa ta kai ƙugu, hanyar da ya sani ta ɓace. Wayar dillali a kashe. Ga hadari na haɗowa.

"Ko dai a mafarki ka saya?" in ji matar.

Surukin ya kafe shi da ido, kuma kallon ne ya fi cin tela. Dattijon ya riga ya rantse 'yarsa ba za ta ƙara shekara a ɗaki ɗaya da yara huɗu ba.

A bakin ruwa suka tarar da wani masunci a cikin jirginsa yana gyaran komar kamun kifi. Tela ya kwatanta masa: daidai tsakanin wancan tudun da dogon ƙarfen waya. Masuncin ya dube shi sama da ƙasa.

"Na san wurin. Ku shigo."

Tela ya ji sanyi a ransa. Ashe a tsallake yake! Suna shiga jirgi bakinsa ya buɗe.

"Baba, ka ji iska? Ɗakinka ma ta nan tagarsa za ta kalla."

An fara yayyafi. Suna tsakiyar ruwa masuncin ya ɗora filafilin tuƙi a cinya, ya zauna abinsa.

"Malam, yi sauri mana, ruwa zai sauko!"

"Saurin me kuma?" in ji masuncin. "Ai mun iso. A kan filinka muke, sai dai ka dawo da rani ka gan shi."