Adafta Huɗu da Gadon Jariri

Saura mako uku 'yarsu ta haihu, Baba ya dubi surukinsa a tsakiyar falo ya ce kada kowa ya sayi gadon jariri, shi zai haɗa da hannunsa. Surukin ya yi godiya, kansa a ƙasa. Mama ta dubi kantar kicin da Baba ya kafa bara, wadda har yanzu sai an tokare ta da tabarya.

Aka kawo katako, aka jingine shi a baranda. Ranar da za a fara aiki Baba ya sha shayinsa, kofin a hannu bibbiyu, sannan ya ɗauko injin hudarsa mai batir, wani ja da aka ba shi kyauta lokacin da ya bar aiki. Ya danna. Shiru.

Ya ce batir ne ya mutu. Mama ta ce to a nemo wani maza, jariri ba ya jiran batir.

Suka tafi shagon kayan aiki tare. Mai shago ya ce kamfanin ja ya daina yin irin wannan batir, amma akwai na kamfanin shuɗi, sai dai bakinsu ba ɗaya ba ne, dole a sa adafta a tsakani. Suka dawo da shuɗi da adaftarsa. Baba ya haɗa, ya danna. Shiru. Ya girgiza kai, ya ce kayan zamani ke nan, ya ci abincin rana har da ƙari.

Mama kuwa hankalinta bai kwanta ba. Kullum tana lissafin kwanaki a kalandar bango. Ita ta ji a wajen wata ƙawarta cewa batirin kamfanin kore ya fi ƙarfi, ta matsa aka sayo. Koren bai hau adaftar shuɗi ba, sai aka nemo wata adafta da za ta fassara kore zuwa shuɗi, shuɗin kuma ya fassara wa ja. Mai shago ya yi musu dogon bayani a kan wuta sha takwas da wuta ashirin, ya ce kusan abu ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Mama ta sa ya rubuta mata a takarda don kada ta manta, ta ɓatar da takardar kafin su iso gida.

Kafin mako biyu injin ya yi tsawo kamar ƙafar mutum. Adafta huɗu a jere, an ɗaure su da roba, batir na lilo a ƙarshe. In Baba zai gwada, sai Mama ta riƙe masa gindin. Caja uku suka cinye soket ɗin falo, aka daina kallon talabijin.

Maƙwabcinsu ya leƙo ta katanga, ya ce a miƙo masa ya gani. Baba ya ce ba a taɓa wa mutum kayan aiki. Maƙwabcin ya ce to su kai wa mai gyaran nan na bakin layi mana, minti biyar zai buɗe ya duba.

"A'a," in ji Baba da Mama a tare.

Baba ya ce mutumin ba ya da haƙuri da inji. Mama ta ce shagonsa akwai ƙura.

'Yar ta bugo waya ta ce ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ko yau ko gobe. Ta tambayi gado. Mama ta ce ana kai. Da ta ajiye wayar sai ta zauna kusa da Baba, ta ce kowa ya shaida ya yi iya ƙoƙarinsa, kamfanoni uku ne suka haɗu suka ci amanarsa. Ko za a kira kafinta, shi kuma ya tsaya a kansa ya nuna masa yadda ake yi?

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce don jikansa kawai zai yarda, amma a gaya wa suruki laifin batir ne.

Kafinta ya haɗa gadon a wuni ɗaya. Baba na zaune a kujera yana ba da umarni, kafinta na cewa to Baba, yana yin abin da ya ga dama. Mama ta jijjiga gadon da hannu biyu, ta hau ta zauna a ciki da nauyinta duka, bai ko motsa ba. Kwana biyu bayan haka aka kwantar da jaririya a ciki.

Washegari Baba ya fita sanar da abokansa, Mama ta kwance adaftocin, ta naɗe injin a mayafi, ta nufi bakin layi. Ta leƙa hagu da dama kafin ta shiga shagon mai gyara. Ta rage murya ta ce aiki ya wuce lafiya, yanzu ya mayar da wayar cikin injin da ta sa ya yanke mako uku da suka wuce, kada bawan Allah ya gane.

Mai gyara ya sosa ƙeya. Ya jawo aljihun tebur, ya ciro wani dunƙulen ƙarfe mai naɗin jan waya, ya ajiye a gabanta.

"Mama, waya ba wuya. Amma wannan fa, in mayar ko in bari? Ranar da kika kawo injin ai fanko ne. Baba ya riga ki zuwa da kwana ɗaya, ya ce in cire masa wannan ƙarfen da ke juya injin gaba ɗaya, hannunsa rawa yake, kuma kada in kuskura ki sani."