Takardar da Irmiya Ya Kawo

Da Rahila ta hango Irmiya a ƙofar gidan hayarsu riƙe da takarda, sai ta gyara ɗankwali. Ranar Lahadi bayan sujada ya ce mata wasiƙar neman aure na tafe. Ta manta masinjan kotu ne shi.

Ta buɗe, ta ga hatimin alƙali: ita da tsohon mahaifinta su tashi daga gidan kafin ƙarshen wata.

"Kai suka aiko?"

"Ni na roƙa. Wani zai liƙa ta a bango ne, duk unguwa su karanta." Ya sunkuyar da kai. "Ina da ɗaki bayan kasuwa."

"Baba fa?"

Irmiya ya daɗe yana juya hularsa.

"Biyu ne. Tun jiya na share nasa."